Hoton Ilu Ɗan Faransa

Shagon Sabi'u mai hoto yana bakin tashar Gumel, a matse tsakanin mai cajin waya da wani mai baƙin mai. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wurin yana ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta, har wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai hoton kansa. Kasuwa ta mutu murus. Har ya fara zagayawa wurin masu sayar da babur yana tunanin shiga acaba, sai wani abokinsa ya sa masa wata manhaja a waya, irin ta ƙirƙirarriyar basirar nan da samari ke ce wa AI. Ka ba ta tsohon hoto da ya koɗe, ya kakkarye, ruwa ya taɓa shi, kafin ka kurɓi shayi sau biyu ta miƙo maka shi sabo fil, har da launi.

Sabi'u ya sa aka rubuta masa allo, ANA GYARAN TSOHON HOTO, ya kafa a ƙofa. Nan da nan mutanen da suka manta suna da kakanni suka tuna. Aka shiga zazzage akwatuna da ƙarƙashin katifa. Kuma ɗan Adam ba ya tsayawa inda aka ajiye shi: wani zai kawo hoton kakansa da bai taɓa wuce Haɗejiya ba, ya ce a zaunar da shi a Madina. Wata ta ce a ɗan haska uwarta, ai rana ce ta dafa ta, asalinta fara ce. Sabi'u ba ya musu da mai kaya. Ya fara ne ma da hoton mahaifinsa, marigayi Malam Habibullah, ya buga shi babba ya rataye saitin ƙofa don masu shigowa su ga samfuri.

Wata Laraba a farkon damina Dogo direba ya shigo da wata tsohuwa yana riƙe da hannunta. Dogo abokin Sabi'u ne tun na firamare, yana jigilar fasinja daga Gumel zuwa Maigatari, ranar kasuwa kuma ya tsallaka iyaka da 'yan tireda. Tsohuwar sunanta Kande, daga Ɗanzomo, ƙawar uwarsa ce. Yanar ido ta fara rufe mata gani, tana ganin mutum amma kamar ta bayan labule.

"Inna, sannu da hanya. Ya ruwa a wajenku?" in ji Sabi'u, yana jawo mata kujera.

"Ruwa ya yi gyara, ɗan nan. Kai ne mai tada matattun?"

"A'a Inna, hotonsu dai nake wankewa."

Ta kwance bakin zane ta ciro wani ɗan gwangwanin alawa. A ciki akwai tsumma, a cikin tsumman akwai hoto bai fi gidan ashana ba, irin wanda ake mannawa a takardar izinin tafiya. Fuskar wani saurayi ce da hula, amma sai ka ƙura ido: an ninke shi ya fi a ƙirga, layuka sun ratsa shi ta ko'ina, gefe guda kuma ruwa ya cinye kafaɗa.

"Ubana ne," ta ce. "Ilu. Ilu Ɗan Faransa ake ce masa, don daga can ƙetare ya zo, ka san haka mutanen da ke kiran ƙasar Nijar. Korar shanu yake yi. Uwata na da cikina wata bakwai maciji ya sare shi a dajin Gagarawa. Ba wanda ya san sunan garinsu. Dangin uwata ne suka yanka mini rago, har askar nan ta fuskata ta gidansu ce. Na yi aure, na haifa, na aurar, kuma har yau in faɗa ya haɗa ni da mace a rijiya sai ta ce mini 'yar baƙo."

Dogo ya karɓi zancen. A karar shanu ta Maigatari ya ji wani dillali yana ba da labarin wani tsoho a wani ƙauye gaba da Dungas, wanda kullum zancensa ɗaya ne: yayansa Ilu da ya koro shanu kudu tun suna samari, bai koma ba. Dogo ya bi sawu har ƙauyen. Tsohon ya haura tamanin, ba ya iya hawa mota, amma idonsa garau. Ya ce a kawo masa hoto ya gani.

"To ka ga wannan kuwa, ko ni da ƙuruciyata ban ga komai a ciki ba," in ji Dogo. "Kuma Inna ta rantse ba zai kwana a hannun kowa ba. Shi ne na ce mu zo wajen injiniya."

"Ba gona nake nema ba, ba akuya ba," Kande ta ce. "So nake kafin in kwanta dama in durƙusa gaban mutum ɗaya, ya ce mini 'yar yayana. Shi ke nan."

Sabi'u ya ji tausayinta, amma akwai mutum uku a benci suna jira. Ya shimfiɗa ɗan hoton a kan farar takarda, ya ɗauka da waya, ya rubuta wa manhajar abin da ya saba rubutawa: a goge duk wani karce da layi, a fito da fuska, a sa launi. Ba a yi minti guda ba Ilu ya fito. Saurayi ne wankan tarwaɗa, kumatu sumul suna sheƙi, hularsa ta zama ja, kafaɗar da ruwa ya cinye ta dawo sanye da shuɗiyar riga. Mutanen benci suka taso suna leƙe suna salati. Dogo ya ce wallahi ko a fim aka sa shi ya ci.

Sabi'u ya buga guda biyu, ƙarami na tafiya da babba a firam. Kande ta kawo babban dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka yake," ta ce a hankali. Ta mayar da tsohon cikin tsummansa, tsumman cikin gwangwani, ta ɗaure a bakin zane.

Bayan kwana huɗu Dogo ya tsaya a ƙofar shagon sayen ruwan leda. Sabi'u ya tambaye shi ya aka yi.

"Ba a dace ba. Tsohon ya ce ba nasu ba ne."

"Ayya. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Sabi'u ya koma kan hoton wata amarya da ake so a rage mata kumatu.

Wata biyu suka wuce, gero ya yi kai. Ran nan sai ga Hamma wanzami ya zo ɗaukar hoton fasfo, wai za a cike masa wata takarda a sakatariya. Hamma ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, kuma sana'ar tasa ta riga shi tsufa. Aski ya koma hannun masu inji, kaciya ta koma asibiti, tsaga kuwa rabon da a kira shi ya yi wa jariri har ya manta. Abin da ya rage masa ƙaho ne da surutu. Yana zaune a kan kujera Sabi'u na gyara masa wuyan riga, sai ya ɗaga kai ya dubi hoton da ke saitin ƙofa.

"Wannan wane balaraben ne?"

Sabi'u ya yi dariya. "Haba Baba Hamma. Abokinka ne fa. Babana."

"Habibu? Kai tafi can. Shekara talatin ina aske kan Habibu. Ina billensa?"

Sabi'u ya juya ya dubi hoton. Shekara guda da rabi yana rataye a nan, kullum da safe sai ya goge masa ƙura da hannun riga. Fuskar tas take, babu ko ɗigo. Ya buɗe baki zai ce ai billen na hagu bai fito ba ne saboda haske, sai Hamma ya riga shi.

"Bille a dama, ga 'yan uku a gefen ido. Ubana ne ya yi masa da hannunsa. Ku dai 'ya'yan yanzu da ba a taɓa ku da aska ba, ba ku san fuska takarda ba ce."

A dama. Shi kuwa da an rantsar da shi, hagu zai ce. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta son a gan ta. Tsohon hoton ma bai san inda yake ba, tun da sabon ya fito bai sake nemansa ba. Ya jawo waya da sauri kamar mai kashe gobara, ya rubuta wa manhajar ta mayar wa mutumin nan da tsagarsa ta gado. Ta mayar kuwa, ba ta taɓa cewa ba ta iya ba. Ta jera wa Malam Habibullah layuka shida-shida daga baki zuwa kunne kamar gashin bakin kyanwa. Ya sake gwadawa, ta yi masa ɗige-ɗige a goshi. Hamma ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya yi dariya har da tari.

"Wannan ba askar kowa ba ce. Daga nan har Damagaram babu gidan da ke yin wannan. Wanzamin naka bai yi gado ba."

A nan ne ɗan gwangwanin alawa ya faɗo wa Sabi'u a rai. Ya tuna layukan da suka ratsa ɗan hoton, ya tuna abin da ya rubuta da yatsansa. Ya duba waya ko hoton farko yana nan. Babu. Duk ƙarshen mako yake share na mutane don wuri ya samu. Ya kira Dogo.

"Tsohon nan na wajen Dungas, da ka kai masa hoton, me ya ce takamaimai?"

"Wane tsoho? Au, na Inna Kande? Ai na faɗa maka, ya ce ba nasu ba ne."

"Na ji. Don me ya ce haka?"

Ana jin kwandasta na kiran Maigatari a bayan Dogo. "Ya dai duba ya duba, ya ce shekara sittin da wani abu ba zai rantse da kamanni ba. Amma wai wannan ɗan birni ne, su a zamaninsu ba a haifi mai fuska sumul a gidansu ba. Ya yi ta shafa kumatunsa yana nuna mini, uku nan, uku nan, ga bille, wai duk 'ya'yan ubansu haka suke. Har hawaye ya yi. Lafiya dai?"

"Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni ne?"

Washegari Sabi'u ya rufe shago da hantsi, abin da bai taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba. Ya ari babur ɗin mai cajin waya, ya goya Hamma, suka kama hanyar Ɗanzomo tsakanin gonakin gero da riɗi. Hamma bai yi shiru ba ko na daƙiƙa ɗaya. Duk ƙauyen da suka wuce sai ya faɗi askar mutanensa da wanzamin da ya ɓata ta.

Suka sami Kande a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da laluben hannu. Ta gane muryar Sabi'u, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma. Ta ƙofar ɗakinta ana hango firam ɗin a rataye saman gado, an ɗaura masa wani ɗan kyalle don ƙura. Bayan gaisuwa Sabi'u ya roƙe ta ta fito da tsohon hoton. Ta kwance bakin zane ta miƙo shi.

Hamma ya fita da shi rana. Ya karkata shi nan, ya karkata shi can, yana bin layukan da farcen ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba. Duk surutun nan ya ɗauke.

"Zo ka gani, ɗan Habibu. Karyewar takarda fara ce, kuma ba ta da hankali, tana bi ta kan hula ta kan riga ta fice. Aska baƙa ce, tana farawa inda hannu ya sa ta, ta tsaya inda hannu ya tsaya. Ga ɗaya, biyu, uku. Ga 'yan uwansu a wancan kuncin. Wannan da ya kwanto daga karan hanci, bille ne. Hannun da ya yi wannan ya iya aiki."

Sabi'u ya gani. Da aka nuna masa, har mamaki ya yi yadda bai gani ba tun farko. Ya koma ya durƙusa gaban tsohuwar ya faɗa mata komai, bai rage ba: abin da ya rubuta, abin da manhajar ta goge, da abin da tsohon ya ce yana shafa kumatunsa.

Kande ta saurare shi har ya gama. Hannunta na cikin ƙwaryar gyaɗa, amma ya daina motsi.

"Uku-uku da bille," ta ce. "Uwata ta faɗa mini yana da aska. Ina ganinta ma a tsohon hoton da idona da, ina yarinya. Na ɗauka tana nan a sabon." Ta juya fuskarta wajen Sabi'u. "Tashi, ɗan nan. Kai kana da ido ba ka sani ba, ni na sani ba ni da ido. Yau wace rana?"

"Talata, Inna."

"Ka ce wa Dogo jibi ya ajiye mini gidan gaba. Ba aike kuma. Da ƙafata za ni."

Ranar Alhamis Sabi'u ya wuni yana duba waya, ko da yake ya san layi ba ya kamawa a can. Ya ɓata fasfo biyu. Juma'a ma shiru. Sai ranar Asabar da la'asar motar Dogo ta tsaya a ƙofar shagon, taya duk laka. Dogo ya fito bai yi tsokanar da ya saba ba, ya zagaya ya buɗe wa Kande. Tana rungume da wani abu mai faɗi a cikin zane.

Ta zauna a kujerar da ta zauna ran farko. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makulli, shi ya yi bayanin.

Tsohon ya rasu kwana goma sha biyu kafin su je. Sun tarar da 'ya'yansa, aka karɓe su da mutunci, aka kawo ruwa da fura. Babban ɗan, mai aska iri ɗaya da ta ubansa, ya karɓi ɗan hoton ya duba, ya ce shi dai layuka yake gani. Ya ce ko da askar ce, ba gidansu kaɗai ke yin uku-uku da bille ba a ƙasar nan. Sannan ya ce Baba ya ga hoton mutumin nan da idonsa, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa ba ɗan uwansa ba ne, su kuwa ba za su ƙaryata mamaci ba. Dogo ya yi ta bayanin waya da manhaja, suna kallonsa. Lokacin rabon gonakin gado ya gabato, ga baƙuwa daga Najeriya da hoto iri biyu na mutum ɗaya. Ba wanda ya faɗi abin da yake tunani, ba wanda kuma bai gane ba.

"Sun nuna mini kabarin dai," Kande ta ce. "Daga nesa, ta kan danga. Na yi masa addu'a. Na ce Baffa, ga ni na zo."

Sabi'u ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Inna, ki yafe mini." Muryarsa ta fito ƙarama.

"Na yafe tun a Ɗanzomo." Ta kwance zanen, firam ɗin ne. Da safe ta sa Dogo ya bi da ita gida ta ɗauko shi. Ta miƙa wa Sabi'u da hannu biyu. "Karɓi baƙonka. Wata biyu yana saman gadona, kullum na idar da sallar asuba sai na gaishe shi, in ce Baba ina kwana. Ashe ɗan mutane nake ta gaisarwa."

"Inna, in sake gwadawa, Baba Hamma zai nuna mini inda..."

"A'a. Bar shi haka, kyakkyawa ne. Ka rataye shi inda ake gani, wataƙila masu shi su zo nema."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta taɓa ƙullin bakin zanenta ta ji gwangwanin yana nan, sannan ta miƙa wa Dogo hannu ya ja ta zuwa mota.

Sabi'u bai rataye shi ba, bai kuma iya jefarwa ba. Ya jingina shi da bango a ƙasa, ƙarƙashin hoton Malam Habibullah, ya zauna yana kallonsu su biyu. Sai a lokacin ya lura sun yi kama: kumatu iri ɗaya, sheƙi iri ɗaya, kamar wa da ƙani.

Yana zaune wani magidanci ya yi sallama, da alama daga ƙauye yake, yana ciro wata tsohuwar ambulan daga aljihun gaba. Idonsa ya sauka kan firam ɗin da ke ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah. Malam, na mahaifina na kawo. Kamar wannan nake so a yi masa."